Ranar da Aka Kulle Min Hotunan Amarya

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ata waɗanda tuni na manta da su, amma damunar da wata manhajar ƙarya ta shiga kwamfutata, ta nemi ta tozarta 'yar mutane ta hannuna, wannan kam da ita zan koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, yarinyar da nake goyo a lokacin yanzu da ƙafarta take tafiya makaranta, amma har gobe abin yana nan a raina kamar jiya aka yi.

Ni mai ɗaukar hoto ce. A Sabon Gari nake zaune, nan cikin Wudil, maigidana kuma malamin firamare ne. Sana'ar ta karɓe ni ne saboda ni mace ce. Akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, ko da kuwa ya fi kowa iya hoto a duniya. Ranar lalle, ranar kamu, wunin suna, duk inda mata ke ajiye mayafi su saki jiki su yi shewa, ni ake kira. Ba wai na fi masu shagunan bakin titi ƙwarewa ba ne. Abin da mutane ke saye a wurina shi ne kwanciyar hankali, cewa duk abin da kyamarata ta gani, daga ni sai masu shi.

A farkon damunar nan aka kira ni biki a Indabo. Uwar amarya wata Hajiya ce mai saye da sayar da hatsi, doguwar mace mai ƙarancin magana, wadda in ta kalle ki sau ɗaya sai kin gyara zama. Amaryar kuwa malamar Islamiyya ce, da niƙabi take fita, mazan unguwarsu da yawa ba su ƙara ganin fuskarta ba tun da ta girma. Kafin in buɗe jakata sai da Hajiya ta kira ni ɗakinta ta turo ƙofa.

"'Yar nan, an ce min ke ba ki da surutu," in ji ta. "Ni ba na son hoto. Yarinyar ce ta yi ta roƙo har na yarda. Hoton nan nata ne ita da mijinta. Ban yarda ya shiga wayar kowa ba."

Na ce, "In sha Allahu, Hajiya, ba zai shiga ba."

Na yi aikina. Na ɗauki amarya ana yi mata kitso, kanta a buɗe. Na ɗauke ta da ɗaurin ƙirji ana zana mata lalle har gwiwar hannu, ƙawayenta sun kewaye ta suna tsokana, ita kuma tana ɓoye fuska tana dariya. A cikin mata wannan ba wani abin kunya ba ne. Amma duk wanda ya san garuruwanmu ya san abin da irin wannan hoto zai zama idan ya faɗa wayar samarin majalisa.

Bayan an kai amarya na dawo gida, na juye komai a kwamfuta, na goge katin kyamara kamar yadda na saba don jiran wani aikin. Wata safiya, maigida ya tafi makaranta, na yi shara na ɗora sanwa, na zauna haɗa albom. Sai na ga duk adon gefen hoto da nake da shi ya tsufa, kusan kowace amarya na yi mata irinsa. Na haɗa kwamfutar da datar wayata na shiga intanet neman sabo, har na faɗa wani shafi da ya ce kyauta yake bayarwa.

Ina dannawa, fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta koma ja. Wata ƙara ta tashi kamar jiniyar motar asibiti, har yarinyar da ke bayana ta farka da kuka. Rubutu ya fito da Turanci, manya-manya, cewa bairos ya cika kwamfutar, yanzu haka yana cinye abin da ke ciki, kuma kada in kuskura in kashe ta, in na kashe komai ya tafi. A ƙasa ga hoton wata koriyar garkuwa, an ce in danna in sauke maganin.

Yau idan na ba da labarin nan wasu sukan ce, ke kuwa ba ki ga alamar ƙarya ba? Ban gani ba. Duk wanda bai taɓa zama gaban aikin mutane ana ce masa ga shi can yana lalacewa ba, ba zai gane yadda tunani ke tsayawa cak ba. Na danna.

Manhajar ta sauka, ta buɗe kanta da kanta, ta fara abin da ta kira bincike. Wani layi yana tafiya a hankali, sunayen ayyukana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da jan rubutu, sunan wannan gida, walimar wancan, har ta zo kan bikin Indabo. Duka wai sun kamu. Da ta gama sai ta ce cutar ta yi nisa, sai ƙwararre ya sa hannu, ga lambar da zan kira.

Namiji ne ya ɗauka, da Turanci mai laushi. Na fara kame-kame, sai na ji ya yi 'yar dariya.

"Hajiya, yi Hausarki, ai ɗan gida ne. Ina kwana? Ya gida, ya yara? Ya damuna?"

Wallahi gaisuwar nan ita ta ƙarasa ni. Sai na ji kamar ɗan uwa na samu. Ya tambaye ni wane aiki nake yi da kwamfutar, ni kuma na zage na faɗa masa komai, har da amaryar Indabo da gargaɗin uwarta.

"Subhanallahi," ya ce. "To Allah ya taimake ki da kika kira mu. Abin da zan roƙe ki, kada ki kai ta wurin masu gyaran bakin titi. Su ne ke kwashe hotunan matan mutane. Daga nan inda nake zan wanke miki ita, ba wanda zai ga komai."

Daidai inda nake tsoro ya taɓa. Ya karanto min abin da zan danna, na danna, ya ce in karanto masa wasu lambobi, na karanto. Sai ga 'yar kibiyar kwamfutar tana yawo ita kaɗai, hannuna na kan cinyata. Tana buɗe nan, tana rufe can. Ya ce wanki yake yi, zai ɗan ɗauki lokaci, in bar datar a kunne in je in ci gaba da girkina. Na kuwa tashi na je na ci gaba da girkina. Da ya gama ya faɗi kuɗin kariya na shekara, kusan abin da nake samu a biki guda. Na tura ba tare da na nemi ragi ba. Garkuwar ta koma koriya shar, ƙarar ta ɗauke. Har addu'a na yi masa, shi da iyayensa.

Ba a jima ba, wata ranar da hantsi, na kunna kwamfuta in ƙarasa albom. Duk inda hoto yake sai na tarar da farar takarda. Na danna wannan ya ƙi buɗewa, na danna wancan ya ƙi. Aikin shekaru, babu ko ɗaya. Ina cikin haka saƙo ya shigo wayata daga baƙuwar lamba. Na buɗe. Amaryar Indabo ce, kanta a buɗe, da ɗaurin ƙirji, tana dariya.

Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba. Wayar ta yi ƙara, na ɗauka. Muryar nan ce dai.

"Hajiya, ina kwana? Ya yara?" in ji shi. "Kin ga saƙo? Hotunanki suna wurina, lambobin mutanenki da kika adana a kwamfuta ma suna wurina. Ki turo abin da zan faɗa miki, in buɗe miki kayanki, in goge nawa, kowa ya kama gabansa. In kuma kika faɗa wa wani, to uwar yarinyar nan a wayar maƙwabta za ta fara ganin 'yarta."

Abin da ya faɗa, ko kyamarar da kwamfutar na haɗa na sayar ba za su kai ba. Na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce shi ma neman abinci yake yi, ya kashe.

Lokacin da maigida ya dawo bayan azahar, ya tarar da tukunya a kan murhu wuta ta mutu, ni kuma ina zaune a gefen gado da sarƙar gwal da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar min, na ƙulle su a gefen mayafi. Na faɗa masa komai. Ya yi salati, ya zauna. Can ya kalli ƙullin da ke hannuna.

"Yanzu in kin sayar kin tura masa, me zai ba ki? Rasit?"

"Malam, ya ce zai goge."

"Shi ne dai ya ce miki zai wanke kwamfuta. Tashi ki sa hijabinki."

Ya goya ni a babur zuwa shagon wani abokin karatunsa mai gyaran kwamfuta, can bakin titi wajen jami'a. Irin mutanen da aka ce kada in kusanta. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Kafin ya kunna kwamfutar sai da ya tabbatar ba ta haɗe da intanet, ya kuma juyo da fuskarta inda ni ma zan riƙa ganin duk abin da yake yi.

"Uwargida," ya ce bayan ya duba, "ranar da jan rubutun nan ya fito, lafiyar kwamfutarki ƙalau. Hoto ne kawai shafin ya nuna miki. Da kin rufe shi, shi ke nan. Wannan garkuwar da kika sauke, ita ce cutar."

Ya ce hotunan da aka kulle ba shi da mabuɗinsu, kuma ba ya jin wani a garin nan yana da shi. Game da abin da aka kwashe kuwa, da irin ƙarfin datar waya ba lallai ne sun ɗebi da yawa ba, amma ba zai iya rantsuwa a kan ko nawa ne ba. Ya sa na canza duk lambobin sirrina a nan take, na kira banki aka toshe katina. Ya karɓi katin kyamarar da na goge, ya ce in ban ɗora wani aiki a kai ba akwai yiwuwar a ceto wani abu.

Na ce, "In na biya fa?"

"In kika biya, ya gane kina da abin sayarwa. Zai dawo."

"In na ƙi?"

Ya ce, "Da yawansu barazana ce kawai. Sukan gaji su nemi wani. Amma ban ce miki duka ba."

A hanyar dawowa maigida ya ce shi a ganinsa mu kai ƙara wurin hukuma, sannan mu yi shiru mu ga abin da Allah zai yi. Wataƙila mutumin ya gaji, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Na san don ni ya faɗa. Ya san ranar da maganar nan ta fita, sana'ata ta shiga uku. Ni ma zuciyata ta so hakan ƙwarai. Amma ina bayan babur ɗin nan, iska tana kaɗa min hijabi, sai na riƙa ganin yarinyar nan a ɗakinta na amarci, tana jera kwanukanta, ba ta san wani ƙato a wani gari yana riƙe da hotonta ba. Idan abin ya fashe, ita za a nuna da baki, ba ni ba. Ita ce za ta tsaya gaban miji da dangin miji ba ta da amsa.

Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Malam, da hotona ne da na yi shiru. Ba nawa ba ne. Gobe ka kai ni Indabo."

"Kin san abin da za ki tarar?"

"Na sani."

Da safe muka fara biyawa wurin hukuma muka kai rahoto, aka rubuta, aka ce in adana saƙonnin kada in goge. Daga nan muka kama hanya. An kwana ana ruwa, gero da dawa sun yi kore shar a dama da hagu, manoma sun duƙufa, babur yana ta zamewa a taɓo. Ban taɓa jin hanyar nan ta yi min gajarta irin ta ranar ba.

Maigida ya tsaya a zaure, na shiga. Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana duba masarar da aka shanya. Na durƙusa muka gaisa, gida, gajiyar biki, ruwa, amarya. Ta ce, "An kawo albom ɗin ne?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Magana na zo da ita, kuma ba mai daɗi ba ce."

Ta kai ni ɗakin nan dai da ta yi min gargaɗi. Na faɗa mata tun daga jan rubutu har zuwa saƙon da aka turo, ban rage komai ba. Ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta kalli hoton 'yarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta kife wayar a kan katifa.

"Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba?"

"Kin faɗa min, Hajiya."

"To tashi ki bar min gida."

Ban tashi ba. Na ce, "Zan fita, Hajiya, kuma duk abin da kika yi min ban ga laifinki ba. Amma ki bari in ƙarasa. Mutumin nan da abu ɗaya yake riƙe da mu, cewa ku ba ku sani ba. In mijinta ya ji daga bakinmu, daban. In ya gani a wayar wani, daban. Ni dai roƙona kada a bari ya riga mu."

Ta kalle ni irin kallon nan nata. Na ɗauka mari ne zai biyo baya. Sai ta miƙe ta jawo mayafinta daga kan ƙofa. Duk wanda ya san al'adarmu ya san uwa ba ta taka gidan 'yarta ana tsakiyar amarci, balle mace irin Hajiya. Amma ranar ita ce a gaba, ni a baya, maigida yana tura babur can nesa da mu.

Amarya ta tarbe mu da murna da mamaki, lallen hannunta ko dushewa bai gama yi ba. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta toshe baki da hannu biyu, hawaye suna bin yatsunta. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba. Hajiya ta ce za ta sa a kira kawun yarinyar ya yi wa angon bayani. Amarya ta share fuska ta girgiza kai.

"A'a, Inna. Ni na roƙa a yi hoton. Ni zan faɗa masa."

Angon manomin shinkafa ne, aka aika gona aka kira shi. Ta shiga da shi ɗaki, mu muna tsakar gida a tsaye, ba mai kallon wani. Da ya fito, zaure ya wuce wurin maigidana. Daga inda nake ina jiyo su.

"Malam, iyalinka ce ta tura wa mutumin hoton?"

"A'a, sacewa ya yi."

"To matata ba ta yi laifin komai ba. Zunubin yana kan wanda ya sata da wanda ya buɗe ya kalla. Kada a ba shi ko sisi da sunan gidana." Sannan ya ƙara da murya mai kauri, "Amma ka faɗa mata, aikin ganganci ta yi."

Na ji, kuma na karɓa, don gaskiya ya faɗa.

Daga Indabo ban tsaya ba. Tunda ban san iyakar abin da aka kwashe ba, na ɗaura niyyar duk matar da hotonta ya taɓa kwana a kwamfutar nan sai na je gidanta da ƙafata. Kullum in na sallami maigida sai in goya yarinya in fita, unguwa-unguwa. Abin da nake faɗa ɗaya ne: ga abin da ya faru, ku sanar da mazajenku, kuma in baƙuwar lamba ta turo hoto, don Allah kada a buɗe, kada a tura wa kowa, a goge. Wata ta zage ni tas a gaban 'ya'yanta. Wata ta rufe ƙofa ina tsakiyar magana. Wata tsohuwa kuwa da na ɗauka a sunan jikanta dariya ta yi har da tafi, ta ce, "Yo ni wa zai ɓata datarsa a kan hotona? Zauna ki sha fura, kin rame." A gidanta ne na fara yin kuka tun da abin ya faru.

Duk kwanakin nan mutumin yana ta kira ina ƙin ɗauka. Ranar da na fito daga gida na ƙarshe, ina tsaye a gindin wata darbejiya ina gyara goyo, ya sake kira. Wannan karon na ɗauka.

"Hajiya, haƙurina ya kusa ƙarewa."

Na ce, "Malam, uwar yarinyar ta sani. Mijinta ya sani. Duk matar da hotonta ke hannunka na je na faɗa mata. Hukuma ma ta sani. Yanzu wa ya rage da za ka ba ni tsoro da shi?"

Ya ce, "Za ki yi nadama."

"Na riga na yi, tun ranar da na kira ka. Ko sisina ba za ka ƙara gani ba."

Ban ce barazanar ta tashi a banza ba. Ya tura hoton amaryar zuwa wasu lambobin da ya kwasa. Amma ya tarar an riga shi. Matan suka riƙa kirana ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta zage ni, suna cewa ya shigo, sun goge. Mai ba da hayar kujerun biki, wanda lambarsa ke cikin waɗanda aka kwasa, har gida ya zo ya miƙa wa maigida wayarsa, ya ce bai buɗe ba, a goge masa a gaban shaida. Yarinya ɗaya ce aka ce ta nuna wa ƙawayenta. Hajiya da kanta ta je gidansu, kuma ban san abin da ta faɗa ba, amma daga ranar maganar ta mutu. Lambar mutumin ta daina shiga. Ban ji an kama shi ba, abin da na tura masa da farko ma bai dawo ba. Ko akwai sauran hotuna a wani wuri a duniya, Allah kaɗai ya sani, kuma wannan nauyi ne da har yau nake ɗauke da shi.

Mai gyara ya ceto mafi yawan hotunan bikin Indabo daga katin kyamara. Na haɗa albom na aika ta hannun maigida. Sauran aikin shekaru kuwa ya tafi. Akwai wadda ta zo neman hoton mahaifiyarta da ta rasu, na ce mata babu, ta juya ba ta ce komai ba. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Kiran biki ya ɗauke ɗif. Aka yi kaka, aka shiga lokacin bukukuwa, ina jin guɗa a maƙwabta ba wanda ya neme ni. Na koma yin zoɓo da kunun aya ina aikawa shagunan ɗalibai. Maigida ya ce ko in sayar da kyamarar in huta. Na ce ba zan sayar ba. Wani ɓarawo da ban taɓa ganin fuskarsa ba ba zai kore ni daga sana'ata ba. Da ribar zoɓon na shiga ajin koyon kwamfuta na mata, na zauna cikin 'yan matan da na girme wa nesa, ina tambaya ba kunya har sai na gane abin da ya same ni daga tushe. Daga baya na sayi wata tsohuwar kwamfuta na keɓe ta don hotunan mutane kaɗai, ban taɓa bari ta shiga intanet ba.

Aiki ya dawo a hankali, kuma ta inda ban zata ba. Matan da na bi gida-gida su ne suka fara cewa, wannan dai ko abu ya ɓaci ba za ta ɓoye miki ba. Da amaryar Indabo ta haihu, ita ta lallashi mijinta ta aiko a kira ni suna. Hajiya ba ta yi min fara'a ba. Sharaɗi ta kafa, cewa a ɗakinta zan zauna in haɗa hotunan, a gaban idonta, in na gama in goge komai kafin in fita. Haka aka yi. Ina aiki tana zaune a bakin gado tana jan carbi. Da na gama ta turo min kwanon tuwo da cinyar kaza a kai, ta ce, "Ci, hanya da nisa." Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuma ya ishe ni.

Abin da na koya ban same shi da arha ba, shi ya sa nake faɗa wa duk wanda zai saurara. Duk abin da ya faɗo miki a kwamfuta ko a waya yana ihu, yana cewa yanzu-yanzu, yana hana ki tambayar kowa, to ba taimakonki ya zo yi ba, ko da kuwa da sallama da gaisuwa ya zo. Mai gaskiya ba ya jin haushi don kin ce bari in yi shawara. Idan kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, kada kunya ta sa ki kulle bakinki, musamman in amanar wani ce a hannunki. Mutumin nan da tsorona ya shigo, kuma da shiruna ya so ya ci abinci. Ranar da na buɗe baki na faɗa wa masu haƙƙi, ranar jarinsa ya karye.